Kafin ka sayi akwatin gyara wuta don kayan kiɗanka, auna wutar gidanka

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida a Agadas bayan lisha, iska ta ɗan sauko, shayi na kan gawayi, aka sa waƙar Bombino ko ta Etran de L'Aïr a amfuli mai kyau da bafur biyu na ƙwarai, ya san abin da ke sa magidanci ya yi ta tari wata da watanni don ya mallaki kayan sauti. Garinmu garin jita ne. Bombino da sunan garin ya kira faifansa na 2011, Etran de L'Aïr ma haka suka yi a 2022, kuma kunnen ɗan Agadas ya saba da jin jita kai tsaye a wurin biki, saboda haka ba a ruɗinsa da sauti maras kyau. Shi ya sa nake jin zafi idan na shiga rumfar mai gyara na tarar da amfuli a jere, duk da ciwo iri ɗaya: wuta ta ci su.

Kwanan baya wani ƙanen abokina, wanda ya dawo da amfuli da bafur masu tsada daga tafiya, ya nuna mini hoton wani akwati a wayarsa. Irin akwatunan nan ne na tace wuta da kamfanoni kamar Furman da AudioQuest ke yi, waɗanda ake tallarsu ga masu son sauti a Turai da Amurka. Ya ce mini, “Yaya, in aika a sayo mini wannan?” Na ce masa ya dakata tukuna, ya fara sanin ciwon da ke damun wutar gidansa. Amsar da na ba shi ita ce nake so in shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Mafi yawan waɗancan akwatuna aiki biyu suke yi. Suna tace ƙananan hayaniyar da ke biyo waya, kuma suna tare tsallen wuta na ɗan ƙiftawar ido. An ƙera su ne domin gidajen da wuta ke tsaye cak dare da rana, ba ta ɗaukewa sai jefi-jefi, kuma kowace firiz, wato mahaɗar wuta ta bango, na da wayar ƙasa. Da yawansu ba sa ɗaga wuta idan ta yi ƙasa, ba sa sauke ta idan ta yi sama. In wutar gidanka ta faɗi zuwa volt 170, to 170 ɗin nan akwatin zai miƙa wa amfulinka, sai dai a tace. Mu kuwa ciwonmu na farko shi ne hawa da saukar wuta, da ɗaukewarta, da yadda take dawowa.

Yana da kyau mutum ya san inda wutarsa ke fitowa. Yamai da Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogaro da layukan da ke shigowa daga Najeriya, shi ya sa da aka yanke musu a watan Agusta na 2023 abin ya yi musu tsanani. Yankin arewa daban yake. Tushen wutarmu shi ne tashar gawayi ta SONICHAR da ke Anu Araren, kusa da Cirozerin, kimanin kilomita 75 daga Agadas. An kafa kamfanin a 1975, ya fara ba da wuta a 1981, yana da injuna biyu, kowanne megawat 18.8, kuma an gina shi ne musamman don ma'adinan uraniyom na Arlit. Kamfanin wuta na NIGELEC ke karɓar kaso ya rarraba wa garuruwa. Tun daga lokacin garin ya faɗaɗa ƙwarai, balle bayan da aka gano zinariya a Jado a 2014. Unguwanni sun miƙe, wayoyi sun yi tsawo, firigo da kilim sun yawaita. Dokar wuta kuwa ba ta canzawa: gwargwadon nisan gida daga taransifo da yawan masu ja a hanya, gwargwadon raunin wutar da za ta iso maka. Saboda haka gida biyu a unguwa ɗaya na iya zama da ciwo daban, kuma shawarar da aka ba wani a Kano ko Yamai ba lallai ta dace da ɗakinka ba.

Abu na farko da za ka saya, ko ka ara, shi ne abin awon wuta, wanda masu gyara ke kira miltimetir. Akwai ma wani ƙarami da ake sokawa a firiz ya riƙa nuna lamba, shi ya fi sauƙi ga wanda bai saba da wayoyi ba. Ka auna a firiz ɗin da kake jona kayan kiɗan, kada ka auna a wani ɗaki. Auna da asuba, auna da azahar lokacin da rana ta take, auna tsakanin magariba da ƙarfe goma na dare lokacin da kowa ya kunna nasa. Rubuta a takarda har kwana bakwai. In da hali ka yi wannan awo a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, domin a nan ne wuta ke nuna ainihin halinta. Awon watan Janairu zai iya kwantar maka da hankali a banza. Wutarmu volt 220 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Yawancin kayan gida na jure ƙari ko ragin kashi 10 cikin ɗari, wato daga 198 zuwa 242. Idan takardarka ta nuna lambobi na yawo a cikin wannan iyaka, ka yi sa'a. Idan kana ganin 180, 170, ko ƙasa da haka da daddare, ko kuma 245 da tsakar dare, kai mai buƙatar regilatar ne, abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira sitabilaiza.

Daga nan sai ka juya bayan kowace na'ura ka karanta ɗan rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga. Tele na zamani, da dikodar, da ƙananan na'urori da yawa, za ka ga an rubuta musu 100 zuwa 240. Irin waɗannan ba su cika damuwa da raunin wuta ba, tsallenta ne ke kashe su. Amfuli mai nauyi, mai babban taransifo a ciki, shi za ka ga an rubuta masa 220 ko 230 kawai. Wuta na yin ƙasa ƙarfinsa zai ragu, ganga ta rasa nauyinta, jita ta fara kartar kunne tun ba ka ƙure murya ba. Mutum sai ya ƙara murɗa maɓalli don ya cike giɓi, kuma wannan gurɓataccen sautin ne ke ƙone ƙananan lasifikan sama. Mutane da dama sun zargi bafur, alhali laifin yana bango.

Regilatar da za ka tarar a kasuwa kusan iri biyu ce. Akwai mai tsalle-tsalle, wadda za ka ji tana ƙas-ƙas duk lokacin da wuta ta motsa. Ita ce mai araha, tana da sauri, kuma ba ta da abin da ke gogewa sosai. Aibinta shi ne gyaranta mataki-mataki ne, tana barin wuta ta yi yawo da kusan kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, kuma wani lokaci kowane tsallenta sai ka ji ɗan tas a bafur. Ga firigo wannan ba komai ba ne, ga mai sauraron kiɗa da dare kuwa abin na gundura. Ta biyun ita ce mai sarbo, wadda ke da ƙaramin inji a ciki yana jan ɗan gawayi, sharbon inji masu gyara, a kan naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe. Gyaranta sumul yake, tana riƙe wuta kusa da 220 da bambancin kashi 1 zuwa 3 kacal, ba ta sa ƙara a bafur. Ni ita nake zaɓa wa kayan kiɗa. Amma tana da sharaɗi a garinmu: ƙura. Hazon hunturu da guguwar farkon damina na shigar da rairayi ko'ina, kuma rairayi na cin gawayin nan da hanyar da yake bi. Wanda ya saye ta ya ɗaura niyyar kai ta wurin mai gyara sau ɗaya a shekara a busa ta, a duba gawayin. In ka san ba za ka yi ba, gara ka sayi mai tsalle mai inganci.

Batun girma shi ne inda aka fi yin kuskure. Kada ka kula da manyan lambobin da ake liƙawa a gaban bafur, wat 3000 ko 5000 da aka rubuta da jan fenti, talla ce. Lambar gaskiya ita ce ta bayan na'ura, mai nuna abin da take ci. A ce amfulinka na cin wat 300, tele 100, dikodar 20, na'urar faifai 20. Jimla 440 ke nan. Regilatar kuwa da VA ake rubuta ƙarfinta, kuma VA 1000 ba ta kai wat 1000 ba. Bayan haka, regilatar ba ta ƙirƙirar wuta, musanya take yi. Don ta ba ka wat 440 a kan volt 220, amfiya 2 za ta ja daga bango. In wutar ta faɗi zuwa 160, sai ta ja kusan amfiya 3, cikinta ya ƙara zafi. Shi ya sa idan ka duba takardar da ke cikin kwali, sau da yawa za ka ga zane mai nuna cewa a ƙarshen rauninta rabin ƙarfin da aka rubuta kawai take iya ɗauka. Ga kaya masu cin 440, VA 1000 ita ce mafi ƙanƙanta. Ni kuwa a zafin Agadas 1500 ko 2000 zan ce ka ɗauka. Amfuli ba ya cin wuta daidai wa daida, yana zuƙarta ne da ƙarfi duk lokacin da ganga ta buga, kuma ƙaramar regilatar na shaƙe shi. Duba kuma iyakar da take karɓa: wadda aka rubuta wa 140 zuwa 260 ta fi wadda ta fara daga 180 amfani a ƙarshen layi.

A shagon, ɗauke ta da hannunka. Nauyi na faɗin gaskiya. Na taɓa sayen wata a hannun wani mai shago, an rubuta mata VA 2000 amma hannu ɗaya ke ɗaukarta, kuma kuɗinta ya yi daɗi. Watan zafi na shigowa ta fara wari, kafin damina ta mutu. Da mai gyara ya buɗe, sai ga ƙaramin taransifo da wayar alminiyom siririya. Araha ba ta ado. Tsakanin guda biyu masu lamba ɗaya, wadda ta fi nauyi ita ce ta fi yiwuwa tana da jan ƙarfe da isasshen ƙarfe a ciki. Ka sa a jona ta a gabanka, ka auna abin da take fitarwa da naka abin awon, domin allon gabanta wani lokaci 220 yake nunawa ko me ke faruwa. In ka kai ta gida, kada ka cusa ta cikin kabad, kada ka rufe ta da ƙyalle don gudun ƙura alhali tana aiki, kada ka ɗora amfuli a kanta. Ɗora ta a kan ɗan benci, nesa da amfulin da kamu biyu ko uku, don taransifonta kan jefa gurnani cikin wayoyin sauti. Zafi maƙiyin kayan wuta ne: masu ƙera kwandansatar, wani ɗan abu da ke cikin kayan wuta, sun ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri 10 na raba tsawon ransa biyu.

Akwai maɓallin da mutane ke rainawa, shi ne na jinkiri. Lokacin da aka maido da wuta shi ne mafi haɗari, domin daƙiƙun farko ba su da natsuwa, wani lokaci ma ta zo ta koma ta sake zuwa. Regilatar mai sarbo na da nata haɗarin a nan: in wuta ta ɗauke tana kan ɗaga rauni, gawayinta na tsaye a wurin ɗagawa, wuta na dawowa da ƙarfi sai ta ƙara mata kafin injin ya juyo. Saboda haka kada ka sayi wadda ba ta da jinkiri, kuma ka bar shi a kunne kullum. Ka saba wa hannunka da wannan ma: wuta na ɗaukewa, kashe amfuli. Wajen kunnawa shi ne na ƙarshe, wajen kashewa shi ne na farko.

Wani ƙaramin abu kuma da nake ganin ya fi kuɗinsa daraja shi ne makatsar da ake ɗaurawa kusa da kwantar, mai yanke wutar gida gaba ɗaya in ta haura ko ta gaza iyakar da aka sa mata, sannan ta maido bayan jinkiri. Amfaninta na fitowa ranar da wayar tsakiya, wadda masu gyara ke kira notir, ta saki ko ta tsinke. A irin wannan rana firiz mai 220 na iya ɗaukar abin da ya doshi 380. Regilatar ba ta iya jure wannan, akwatin tace wuta ma haka. Makatsar nan kaɗai ke ceton gida, kuma kuɗinta bai kai na gyaran amfuli ɗaya ba. A sa mai gyaran wuta da ya san aikinsa ya ɗaura ta.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci kuma aka fi watsi da shi: wayar ƙasa. Gidaje da yawa, musamman gidajen ƙasa na tsohon gari da waɗanda aka ja wa wuta daga baya, waya biyu kawai ke cikin bangonsu. Firiz na da ƙarfen ƙasa a fuska, amma bayanta babu abin da aka ɗaura. Kariyar tsallen wuta, ko ta cikin akwati mai tsada ce ko ta ralanj, wato doguwar wayar jona kaya da yawa, tana buƙatar hanyar da za ta zubar da abin da ta tare, kuma hanyar ita ce ƙasa. Matatar hayaniya ma haka. In babu ƙasa, har tana iya sa jikin amfuli ya riƙa ɗan jan hannu. In ka taɓa jin ƙarfen amfulinka na cizon bayan yatsa, ko makirfo ya ja maka leɓe, alamar ke nan. Matsalarmu ita ce ƙasar Agadas busasshiya ce, rairayi da dutse, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta da kyau. Soka guntun rodi a gindin bango bai wadatar ba. Ana buƙatar sandar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci biyu ko uku a haɗe, a wurin da ke samun danshi duk shekara, kamar kusa da makwararar ruwan wanka ko gindin bishiyar da ake ba ruwa. Masu aikin kan zuba garin gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa, sai dai gishiri na cin ƙarfe, don haka a riƙa duba mahaɗin. Nemi mai gyaran da ke da na'urar awon ƙasa, kuma ya auna da rani. Ya haɗa maka da dijanktar mai jin yoyon wuta na miliamfiya 30. Wannan ya wuce maganar kiɗa, maganar ran yaran da ke yawo ba takalmi a ɗakin ce. Kuma kada ka yarda a karye ƙafar ƙasa ta fulogin da ya zo daga Najeriya mai ƙafa uku don ya shiga firiz ɗinmu. A canza kan gaba ɗaya. Ƙananan mahaɗan roba masu sako-sako na tartsatsi, su ma suna sa ƙara.

Daga Yuli zuwa Satumba, in hadari ya taso daga wajen duwatsun Ayar, babu akwatin da ke tare tsawa in ta faɗo kusa. Zare fulogi daga bango, ka zare wayar faranti ko eriya daga dikodar, domin ta nan ma take shigowa ta bi wayar sauti har cikin amfuli. Ralanj mai kariya na da amfani ga ƙananan tsalle, amma abin da ke cikinta na gajiya da kowane bugu. In fitilar kariyarta ta mutu, ta zama ralanj kawai.

To ina matsayin matatar da muka fara da ita? Tana da wurinta, amma sai ka tabbatar hayaniyar daga wuta take. Gwajin kyauta ne. Zare duk wayoyin da ke shiga amfuli, ka bar bafur kawai, ka kunna. In shiru ne, maida wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa gurnanin nan mai kauri zai dawo ne daidai lokacin da ka jona tele ko dikodar, kuma wannan daga wayar faranti yake. Maganinsa jona dukan kayan a ralanj ɗaya, ko sa ɗan abin raba ƙasa a kan wayar eriya. Matata ba ta warkar da shi ko nawa ka saye ta. In kuwa zizar siririya ce, bi gidan kana kashe abubuwa: cajar waya mai araha, ƙwan fitila na zamani maras inganci, maɓallin rage gudun fanka. In tas kake ji duk lokacin da firigo ya tashi, raba musu layi. Abin da ya rage bayan wannan, kamar hayaniyar mai walda ko injin niƙa a maƙwabta, shi ne aikin matata, kuma matsakaiciya ta isa. Ka sa ta bayan regilatar, ka jona mata ƙananan na'urori. Babban amfuli sau da yawa ya fi sakewa in ya sha kai tsaye daga regilatar.

Masu son kada kiɗa ya yanke sukan sayi andilar irin ta kwamfuta. A yi hattara. Masu arahar, in sun koma kan batir, wuta mai kusurwa suke fitarwa, wadda ke sa taransifon amfuli kuka da zafi. Nemi wadda aka rubuta wa sinus fir, wato mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi. Wannan ƙa'ida ta shafi mai fanon rana ma. A gaskiya, a gari mai rana irin namu, fano da batir da inbata mai sinus fir su ne mafi tsaftar wutar da kayan kiɗa za su samu, domin sun raba ka da duk abin da ke faruwa a layi. Sai dai batir na son inuwa da iska; mai ruwan gubar nan ba ya daɗewa a ɗaki mai zafi. Ƙaramin gurub kuwa, wato janareto, shi ne na ƙarshe da zan jona wa amfuli mai tsada. In dole ce, a tada shi ya daidaita kafin a jona, a kuma kashe kayan kafin mai ya ƙare, don shaƙewar ƙarshen nan na wasa da wuta sama da ƙasa.

In za ka aika a sayo maka daga waje, duba lamba kafin ka biya. Kayan Amurka na volt 120 ne da bugu 60, na Japan volt 100. In ba an rubuta musu 100 zuwa 240 ba, sokawa ɗaya a bangonmu ta gama da su. Na Faransa, Aljeriya da Libiya sun dace da wutarmu.

Ƙanen abokin nawa ya bi wannan tsari: ya auna, ya kafa sandar ƙasa, ya ɗaura makatsa, ya sayi regilatar mai sarbo ta VA 2000, kuma har yanzu bai ga buƙatar akwatin da ya nuna mini ba. Kai ma, ɗan'uwa, kafin zafi ya kama, ari abin awo ka fara rubuta lambobin firiz ɗinka daga daren yau, sannan ka kira mai gyaran wuta ya duba maka wayar ƙasa.